Da Me Ake Wanke Ruwa?

Kowa ya san da ruwa ake wanki. Tufafi, kwano, jariri, gawa, duk ruwa ne ke raba su da dauɗa. To idan ruwan ne da kansa ya ɓaci fa? Kuma ba a randa yake ba balle a zubar a ɗebo wani, yana can ƙarƙashin gona da gida da kasuwa, tsakanin tsakuwa da tsagar dutse inda ido bai taɓa kaiwa ba. Akwai mutanen da amsa wannan tambaya ita ce sana'arsu. Ba su da yawa a ƙasar nan, sunansu bai zauna a bakin jama'a kamar na likita ko lauya ba, kuma in ka gan su a bakin aiki ba lallai su cika maka ido ba: mutum ne da tef ɗin awo, da kwalabe a cikin kula mai ƙanƙara, da littafi da biro, yana leƙa rijiyoyin mutane kamar wanda gugansa ya faɗa.

Mu mutanen Kafanchan da kewaye muna da dalilin sanin su fiye da kowa. Allah ya ba mu ruwa. Daminarmu ta fi ta Kano da Katsina tsawo da ƙarfi nesa ba kusa ba, duwatsun Kagoro na tsiyayo da ƙoramu, Matsirga na zuba dare da rana. A ƙarƙashin jar ƙasar da muke nomawa akwai ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa kamar soso, a ƙarƙashinsa kuma dutse ne mai tauri wanda ruwa ke bin tsagoginsa kawai. Shi ya sa rijiyoyinmu ba su da zurfi. A watan Agusta akwai gidajen da igiya gaba biyu ta ishe su. Sai dai wannan saukin yana da bayansa, domin tazarar da ke tsakanin abin da aka zubar a ƙasa da abin da aka sha a moɗa ba ta da yawa.

Kuma muna zubarwa. Daga Kachia zuwa Jaba, Kagarko zuwa Jema'a, citta da masara sun koma hannun maganin ciyawa, tunda kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin manomi. Yaro ya dawo daga feshi, ina zai wanke injin da ya goyo in ba bakin rijiya ba? Galan ɗin maganin kuma ba a yarwa, a ɗauraye shi a zuba manja. Ga takin zamani da ruwan sama ke narkarwa ya nutse da shi. Ga gidajen mai da tankunansu binne a ƙasa shekara da shekaru, ga bakanike na tuttular da baƙin mai a bayan rumfa. Ga tsofaffin ramukan kuza a wajen Godogodo da Nok, inda haƙar kuzar ce ma ta tono gumakan yumɓun da suka kai sunan Nok duniya. A 2016 kuma aka yi shelar samun nikel a Dangoma. Haƙa dai ba ta ƙare ba a yankin nan.

Abin da ya fi wahalar shigar wa mutane kai shi ne tafasa ruwa ba ta maganin wannan. Wuta na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, gaskiya ne. Amma dalma da naitiret na taki ba su da rai balle su mutu. Tururi ya tafi, su su zauna a tukunya, har ma su ƙara kauri. Alif da ƙwayar zogale na kwantar da laka, ruwa ya yi garau, sinadarin da ya narke kuwa yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 cikin lita, wato kamar a narka giram ɗaya tak a jarka 4,000 masu lita 25. Wane harshe ne zai ɗanɗano wannan?

A nan ne gwanintar take farawa, kuma ba da na'ura take farawa ba. Gwani na fara aiki da gaisuwa. Zai je wurin mai unguwa, ya zauna da tsohon mahaƙin rijiya, wanda ya san inda aka ci karo da dutse a gaba biyar da inda aka wuce goma ba a same shi ba, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa ko a watan Maris. Zai tambayi mata yaushe ruwa ya sauya wari, tun kafin a gina gidan man can ne ko bayan an gina. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, shi kuwa aikinsa ke nan, neman abin da ya tsamar da shi.

Sannan ya san halin kowane sinadari kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa. Fetur da gas ba su da nauyin ruwa, don haka sukan kwanta a samansa, su hau su sauka tare da shi damina da rani, suna shafe ƙasa a duk hawa da sauka. Wasu sinadaran wanke ƙarfe sun fi ruwa nauyi, su kuma nutsewa suke har gindin dutse su maƙale a tsaga, kuma su ne mafi taurin kai. Naitiret ɗan rakiya ne, duk inda ruwa ya nufa yana biye. Dalma kuwa ba ta son tafiya, ƙasa take kamawa ta riƙe. Ko a cikin magungunan ciyawa hali ya bambanta. Farakwat, duk da mugun dafinsa ga wanda ya sha ko ya shaƙa, yana manne wa laka ne ƙam. Atarazin da ake fesa wa masara shi ke sulalewa ƙasa, kuma yawan ganinsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2004. Wanda bai san wannan ba zai kashe kuɗi yana neman abu a inda ba ya zama.

Dabarar da ta fi burge ni a duk sana'ar ita ce ta rijiya uku. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba a tsaye yake ba, yana gangarawa, sai dai tafiyar hawainiya yake yi, wani wurin taku ɗaya a yini, wani wurin bai kai haka ba a wata. Ta yaya za ka san inda ya dosa alhali ba ka ganinsa? Sai gwani ya zaɓi rijiyoyi uku da suka yi kamar duwatsun murhu, wataƙila ta masallaci, ta coci da ta makarantar firamare. Da sassafe, kafin a fara ɗiba, ya zura tef ya auna daga baki zuwa fuskar ruwa a kowace. Sannan ya auna wace ce bakinta ya fi tudu, ko da na'urar safiyo ko da tiyon lebur irin na magina. In ya cire wannan daga wancan, sai ya san a wace rijiya fuskar ruwa ta fi tsawo, a wace ta fi ƙasa. Layi biyu a takarda, kibiya ta fito. Daga nan ya san gidajen da gubar ta riga ta wuce, da waɗanda take hanyar zuwa, da waɗanda ke bayanta ba abin da zai same su. Ya kuma san inda dabarar ke yaudara: da zarar ruwa ya shiga tsagar dutse, ya bar bin gangaren tudu, ya koma bin tsagar, sai ka ga rijiyar maƙwabcin tanki lafiya lau, ta wani can nesa kuma tana warin kananzir.

Ɗibar samfuri ma ba cika kwalba kawai ba ne. Ruwan da ya kwana a rijiya ba shi ake so ba, sai an janye shi sabo ya tsattsafo. Na binciken ƙarfe a roba ake zuba shi da ɗigon asid, don kada ƙarfen ya manne a jikin robar. Na binciken fetur a gilashi, a cika har ya yi tozo, a rufe, a kife kwalbar a duba. In an ga kumfar iska ko ɗaya, a zubar a sake, domin sinadarin benzin da ke cikin fetur zai gudu cikin wannan kumfar kafin a isa Kaduna. Akwai kuma kwalba guda da aka cika da tsarkakakken ruwa tun daga ɗakin gwaji, ta yi tafiyar tare da sauran ba a buɗe ta ba. Ita ce shaida. Idan aka sami wani abu a cikinta, an san a hanya aka kwaso shi, sakamakon duka ya zama abin tuhuma. Irin wannan horo ne ake bai wa ma'aikatan ruwa a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, da sassan ilimin ƙasa na jami'o'i irin Ahmadu Bello ta Zariya.

Inda aka ga amfanin wannan tsanaki a fili a Arewa shi ne Zamfara. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da jijjiga da suma, maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Ashe duwatsun zinarin da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. An sami dalma a tsakar gida, a kududdufan da ake wanke garin dutse, har da wasu rijiyoyin sha.

Wanda bai ƙware ba da ya ce shi ke nan, ruwan ƙasar ya mutu, a tashi gari. Masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo a ƙarshen daminar shekarar suka bi rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, suka ga wani abu: rijiyar da ke kusa da wurin niƙa ta ɓaci, wadda ke nesa kaɗan tana lafiya. Wato ta baki gubar ke shiga, ƙura ce ke faɗawa, da ruwan sama mai wanko ƙasa, da igiyar guga da ake jefarwa a ƙasa a sake zurawa. Jijiyar ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kanta ba ta kamu ba. Bambanta rijiyar da ta ɓaci da jijiyar da ta ɓaci shi ne rabin aikin, domin maganinsu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ko kusa.

Tunda dalma ƙasa take riƙewa, ƙasa aka wanke. Kamfanin TerraGraphics na jihar Aidaho a Amurka, wanda ya daɗe yana irin wannan aiki a tsohuwar mahaƙar Bunker Hill, ya haɗu da ma'aikatan muhalli na jiha da na ƙananan hukumomi da mutanen ƙauyukan. Suna da wata na'ura ta hannu mai kama da bindigar wasan yara, a ɗora bakinta a ƙasa, cikin daƙiƙoƙi ta faɗi yawan dalmar wurin. Da ita aka zana taswirar kowane gida, ɗaki ɗaki, lungu lungu. Sauran aikin kuwa na fartanya ne da shebur da buhu. A kankare kamar santimita 5 na saman ƙasa, a sake aunawa, in da saura a ƙara, a kwashe zuwa ramin da aka tanada a bayan gari, a kawo ƙasa mai tsabta wadda ita ma an auna ta a shimfiɗa. Kududdufai aka janye ruwansu aka kwashe lakar. An fara da Dareta da 'Yargalma, aka bi da Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru da Tungar Daji. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. A ƙarshe an kwashe fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren niƙa, yawanci da hannu.

Likitocin ma sun bi tsarin masu kankare ƙasa. Ba sa fara bai wa yaro maganin fitar da dalma daga jini sai an tsabtace gidansu, domin wanke jini a mayar da yaro cikin ƙurar da ta ɓata shi zuba ruwa ne a kwando. Da irin haka ta sake faruwa a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, dab da iyakar Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu, cikin waɗanda suka tsabtace ƙauyen Shikira akwai 'yan ƙasa da suka koyi aikin a Zamfara.

To idan jijiyar ce ta kamu fa? Nan ne ake sanin wanda ya iya. Matakin farko ba ya canjawa: a rufe rijiyar, a kawo wa mutane wani ruwan yau ba gobe ba, a toshe mafarin, ko tanki ne a tono shi. Bayan haka tsohuwar hanya ita ce a haƙa burtsatse a gaban gubar, a riƙa zuƙo ruwan ana bi da shi ta cikin wani gawayi na musamman, wanda ake ƙonawa daga ɓawon kwakwa a buɗe ƙofofinsa da tururi, har giram ɗaya ya zama yana da fuskar da ta kai ɗaruruwan murabba'in mita. Fetur da maganin feshi su manne, ruwa ya wuce. Hanya ce mai aiki, amma tana cin wuta, tana cin shekaru, tana kuma da wata ɗabi'a mai karya gwiwa. A yi shekara biyar ana zuƙa, awo ya nuna lafiya, a kashe inji, bayan wata shida gubar ta dawo. Duk macen da ta taɓa wanke tukunyar ƙasa da ta daɗe da manja ta san dalili. Lakar ta sha, a hankali take amayarwa.

Saboda haka masana suka koma tunanin a bar ruwan a inda yake, a tare shi a hanya. A Jami'ar Waterloo ta Kanada, wajen 1990, aka gano garin baƙin ƙarfe na warware wasu sinadarai masu guba in ruwa ya ratsa shi. Sai a haƙa dogon rami a gicciye kan hanyar ruwan, a cika da garin ƙarfe da yashi, a rufe, a yi noma a kai in ana so. Ba janareto, ba dizal. Don naitiret kuma ba ƙarfe ake zubawa ba, ɓarzajjen itace ne da dusar katako, irin wadda ke tule a bayan masu yankan katako ana cinna mata wuta. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ci katakon, su mayar da naitiret iskar naitirojin, wadda ita ce mafi yawa a iskar da muke shaƙa. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da ƙauyen da ba ya ganin wutar lantarki sai a bakin wata. Amma sai kibiyar nan ta rijiya uku ta yi daidai. In aka kuskure, ruwan zai zagaye ramin ya wuce abinsa.

Manomi zai so labarin Hinkili, wani ƙauyen noma a hamadar Kalifoniya. Daga 1952 zuwa 1966 kamfanin gas na PG&E ya zuba ruwa mai sinadarin kuromiyam a tafkunan da ba a daɓe gindinsu ba, ya tsiyaya ya shiga rijiyoyin mutane. Shari'ar ta ƙare a 1996 da diyyar dala miliyan 333, har aka yi fim a kanta mai suna Erin Brockovich. Abin da fim bai nuna ba shi ne wankin. Kuromiyam iri biyu ne a nan, mai dafi da ke yawo cikin ruwa, da mai sauƙi da ke kwanciya a ƙasa. Sai ake zuba itanol ta rijiyoyi don ciyar da ƙwayoyin halitta, su kuma su juya mai dafin ya koma mai sauƙi. A wani gefen ana zuƙo ruwan a shayar da gonakin alfalfa, wata ciyawar dabbobi mai kama da harawa, juyin ya faru a gindin saiwa. Gona ta zama matata. Dabarar ba ta rasa cikas ba, domin itanol ɗin ya tayar da manganis da ke kwance a ƙasa, sai da aka koma ana sa masa ido shi ma. Har yau ana aikin, mutanen garin da dama sun sayar da gidajensu sun tashi, makarantarsu ma an rufe ta a 2013.

Wannan jinkiri shi ne abin da ɗan siyasa ba ya son ji. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya sami benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na iyakar da aka yarda, da tataccen mai kaurin santimita 8 yana iyo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Wa'adin gwamna nawa ke nan?

Kada kuma a ce a yi zurfi kawai a huta, kamar yadda masu burtsatse ke tallata aikinsu. Mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, sun sha ruwan wata rijiya mai zurfi da aka haɗa wa garin a tsakiyar shekarun 1980, ruwa garau ba wari. Sai da ɗaruruwan yara suka taso da ƙafafu a lanƙwashe da haƙora masu tsatsa aka gane fuloraid ne ya yi yawa, kuma ba wanda ya zuba shi, daga dutsen yake. A Langtang da Kaltungo ma an san haƙoran nan. Kwalba ɗaya da aka kai gwaji kafin a buɗe famfo da ta faɗi gaskiya. A Kenya, wajen Nakuru, gawayin ƙashin shanu ake tace irin wannan ruwa da shi.

Shi ya sa gwani in ya zo gidanka a Kafanchan ko Kwoi ko Zonkwa, kafin ya yi maganar miliyoyi, bakin rijiya zai fara dubawa. A ɗaga shi ya kai ƙugu, a yi masa daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi, a rataye guga a maƙali. Masai ya yi nisan mita 30, kuma ya kasance a ƙasan gangare. Injin feshi a wanke shi a gona, ruwan ɗaurayar a fesa a kan kunya, galan a ɗauraye sau uku a huda gindinsa don kada ya yi wa kowa kwaɗayi. Inda kuwa abu ya riga ya shiga, zai bar maka wani siririn bututu a gefen gonar citta, tsawon gwiwa, da murfin ƙarfe da kwaɗo, an rubuta lamba a jikinsa da fenti. Ba a shan ruwansa, ba a ban-ruwa da shi. A watan Agusta, ruwa na kusa, zai zo ya buɗe ya zura tef ya cika kwalba ya rubuta. A watan Maris, ruwa ya ja baya, zai sake dawowa da littafin.